GAJERUWA A CIKIN DOGAYE: TARIHIN CÉLINE DUMERC

Yau za mu ɗan jingine ƙagaggen labari a gefe mu ɗauko na gaske, labarin wata mata 'yar ƙasar Faransa mai suna Céline Dumerc, wadda a bakin mutanen ƙasarsu sunan yake fita kamar Selin Dumerk, mu ma da Selin ɗin za mu riƙa kiranta don sauƙi. Sana'arta ƙwallon kwando, ta yi shekara 23 tana cin abinci da ita, daga 2000 zuwa 2023, ta kuma buga wa ƙasarta wasa har 262, adadin da a ranar da ta kafa shi babu mace ko namijin da ya taɓa kai shi a Faransa. Sai dai abin da ya fi jan hankalina a tarihinta daban ne. Sau biyar ta buga wa ƙasarta wasan ƙarshe a babbar gasa, sau ɗaya tak ta ci, sauran huɗun tana tsaye tana kallo aka rataya wa wasu zinare.

Ka san mai karatu, lambar azurfa a wasan ƙwallo tana da wani ɗaci nata na daban. Wanda ya samu tagulla ya ci wasansa na ƙarshe ne, ya koma gida yana dariya. Mai zinare kuwa ba a magana. Amma mai azurfa sai an doke shi tukuna a kira shi a rataya masa, gumi bai bushe ba, zuciya na tafasa. To mutumin da ya sha wannan ɗacin har sau huɗu, za mu ce ya yi nasara a rayuwa ko kuwa ya faɗi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu riƙe har ƙarshen labarin.

YADDA WASAN YAKE

Kafin mu yi nisa bari mu ɗan yi wa wanda bai saba kallon wasan ba bayani, don kada a bar shi a baya. Mutum biyar-biyar ne a fili, kowane ɓangare na ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon abokan hamayya, wanda aka kafe a sama, tsayin mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Minti 40 ake yi, an kasa shi huɗu, minti goma-goma, in aka tashi kunnen doki sai a ƙara minti 5, domin a wannan wasa ba a rabuwa sai an samu gwani. Jefawa daga kusa maki 2 ce, amma akwai wani layi da aka zana kamar baka, nisan mita 6 da santimita 75 daga kwandon, duk wanda ya tsaya a bayansa ya jefa ta shiga, maki 3 gare shi. Ka riƙe maganar layin nan mai karatu, domin shi ne zai ɗaga Selin sama, shi ne kuma zai karya zuciyar Faransawa bayan shekara 12.

Tunda kwando a sama yake, wasan na dogaye ne. Abokan wasan Selin irin su Sandrine Gruda sun haura mita 1 da santimita 90, ita kuwa tsayinta mita 1 da santimita 69 ne, in suka jeru ana taken ƙasa sai ka rantse ƙanwarsu ce ta rako su. Gurbi ɗaya ne gajere yake iya samu a cikin biyar ɗin nan, wanda Faransawa ke kira meneuse, wato jagora. Ita ce ke ɗauko ƙwallo daga baya, ta karanta fili, ta ɗaga yatsa ta faɗi dabarar da za a yi, ta san wadda hannunta ya yi zafi yau ta miƙa mata, ta san lokacin gudu da lokacin lafawa. Kamar madugu ne a cikin ayari, kaya na kan jakunan wasu amma hanya a kansa take. In an ci wasa akan yabi wadda ta jefa, in an faɗi kuwa jagora ake tuhuma. Aikin da Selin ta yi ke nan duk tsawon rayuwarta ta wasa.

DAGA TARBES ZUWA BOURGES

An haife ta ranar 9 ga Yuli 1982 a Tarbes, wani matsakaicin gari a kudu maso yammacin Faransa, a gindin duwatsun Pyrénées da suka raba ƙasar da Sifaniya. Garin bai fi mutum dubu 40 da 'yan kai ba, amma yana da kulob ɗin mata mai ƙarfi, wanda a 1996 ya ɗauko kofin Ronchetti, ɗaya daga cikin kofunan nahiyar Turai na wancan zamani. Selin na da shekara 13 a lokacin, ka ga ta tashi a garin da yarinya za ta ga mata 'yan uwanta sun cika zauren wasa da 'yan kallo.

A 1997, tana da shekara 15, aka ɗauke ta zuwa INSEP, makarantar gwamnati da ke dajin Vincennes a gefen birnin Paris, inda ake tara yaran da aka ga alamar baiwa a tare da su, su yi karatu su yi atisaye a wuri guda. Tafiyar kusan kilomita 800 ce daga gida. A shekarun nan ne Tony Parker da Boris Diaw, waɗanda su ma 'yan 1982 ne, suka ratsa ta wannan makaranta kafin su tafi Amurka su yi suna su tara dukiya. Ita kuwa da ta gama a 2000 gida ta koma, ta sa rigar Tarbes, ta yi shekara uku, har suka kai wasan ƙarshe na kofin Ronchetti a 2002 inda kulob ɗin Schio na Italiya ya doke su. Kamar dai tun daga nan aka fara ɗanɗana mata abin da ke jiranta a gaba.

A 2003 babban gida ya kira ta. Bourges, da ke tsakiyar Faransa, kulob ne da ya ci babban kofin Turai sau uku, a 1997 da 1998 da 2001, kuma jagorarsu Yannick Souvré, wadda ita ce kyaftin ɗin ƙasa, ta ajiye wasa a wannan shekarar. Sai aka ɗauko yarinya 'yar shekara 21 aka ce ta zauna a kujerar. Gadon babba kuwa nauyi gare shi, duk abin da ka yi da na gabanka za a auna ka. Ga shi a lokacin kulob ɗin Valenciennes ya hana kowa sakat, shi ya cinye gasar ƙasar tun daga 2001 har 2005. Sai a 2006 Bourges ta ƙwato kambun, ta sake ci a 2008 da 2009. A Bourges ɗin ne ta haɗu da koci Pierre Vincent, mutumin da ya fi kowa tasiri a wasanta, mai son tsaro da natsuwa da bin tsari, wanda ya fi son a ci wasa da maki kaɗan a kan a yi ta gudu ba lissafi.

SHEKARUN DUHU DA DAREN RIGA

A 2003 ɗin dai ta fara sa rigar ƙasa, sai dai ta zo a makare da ɗan kaɗan. Matan Faransa sun je gasar Olamfik karo na farko a Sidni a 2000 suka zo na biyar, a 2001 kuma suka ci kofin Turai a gida. Selin ta iso ne daidai lokacin da waɗannan gwanaye suka fara watsewa. Aka yi Olamfik ta Atens a 2004 babu Faransa. A 2007 suka ƙare a na takwas a gasar Turai, hakan ya sa Olamfik ta Beijin a 2008 ma a talabijin suka kalla. Ɗan wasa shekarunsa ƙidayayyu ne, Olamfik kuma sai bayan shekara huɗu take zagayowa, ga biyu sun wuce ta tana ji tana gani.

Bayan wannan abin kunya aka miƙa wa Pierre Vincent ragamar tawagar ƙasa a 2008. Da aka je gasar Turai ta 2009 a ƙasar Latbiya ba da Faransa ake lissafi ba, idon kowa na kan Rasha, mai riƙe da kofin. Sai ga shi sun yi ta cin wasa ɗaya bayan ɗaya, da yawa da ƙyar da jiɓin goshi, a mintunan ƙarshe, bayan an gama fidda rai. Daga nan aka laƙaba musu suna Braqueuses, wato mata 'yan fashi, don wai wasan da ya riga ya shiga aljihun wasu suke ƙwacewa. Ranar 20 ga Yuni 2009 a birnin Riga suka doke Rasha da ci 57 da 53, ba tare da an ci su ko sau ɗaya a gasar ba. Selin na gab da cika shekara 27. Wannan shi ne zinarenta na farko da rigar ƙasa, shi ne kuma na ƙarshe.

Rashawan da ta doke su ne suka saye ta. Ta koma kulob ɗin Ekaterinburg, can yankin duwatsun Ural, kulob mai kuɗin kamfanin haƙar ma'adinai, wanda ke tara taurarin duniya irin su Candace Parker ta Amurka. Ta yi kaka biyu, ta ci gasar Rasha a 2010 da 2011, amma babban kofin Turai da aka tara su dominsa ya ƙi samuwa, sau biyu suna ƙarewa a na uku. A 2011 ta tattara ta dawo Bourges. Wannan kofi na Turai na kulob-kulob har ta ajiye wasa ba ta ɗaga shi ba.

MAKO BIYU A LANDAN

Tagullar da suka samu a gasar Turai ta 2011 ba ta isa ta kai su Olamfik kai tsaye ba, sai da suka bi ta gasar share fage a Ankara ta Turkiyya kafin su samu kujerar Landan a 2012. Selin na da shekara 30, wannan ne zuwanta na farko. Tawagar mata 12 ce, a cikinsu akwai Edwige Lawson-Wade da Emmeline Ndongue da Sandrine Gruda da Endy Miyem, akwai kuma biyu da aka haifa a nan Afirka ta Yamma, Émilie Gomis haifaffiyar Ziguinchor a Senegal, da Isabelle Yacoubou haifaffiyar Godomey kusa da Kwatano a Jamhuriyar Benin, wadda ta sauka Tarbes a 2003, shekarar da Selin ta bar garin.

Suka fara da Brazil suka ci 73 da 58. Wasa na biyu da Ostireliya ne, ƙasar da ta zo ta biyu a Olamfik uku a jere, wadda tun 1996 babu mai doke ta a gasar sai Amurka. Faransa na gaba da maki 3, lokaci ya ƙare saura ƙiris, sai wata 'yar Ostireliya mai suna Belinda Snell ta wurgo ƙwallo tun daga wajen tsakiyar fili, ikon Allah ta faɗa kwando, aka tafi ƙarin lokaci. Irin wannan jifa takan kashe wa mutum jiki, amma 'yan fashin nan suka sake ɗaura ɗamara suka ci 74 da 70. Suka bi da Kanada 64 da 60.

Sai ranar 3 ga Agusta, ranar da sunan Selin ya shiga gidajen Faransawan da ba su taɓa kallon ƙwallon kwandon mata ba. Da masu masaukin baƙi aka yi, wato Birtaniya, tawagar da ba ta ci wasa ko ɗaya ba a gasar, amma ranar nan gaban jama'arta ta zame wa Faransa ƙarfen ƙafa. Saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi Birtaniya na gaba da maki 3, zaure ya ɗauki sowa. Selin, wadda aikinta miƙa wa wasu, ta duba ba ta miƙa wa kowa ba, ta tsaya bayan layin nan ta saki ƙwallo, ta shiga, aka yi kunnen doki. Aka ƙara minti 5, aka sake zuwa ƙarshe ana 77 da 77, ƙwallo ta sake dawowa hannunta, ta sake tsayawa bayan layi ta jefa, ta shiga, agogo bai kai saura daƙiƙa ɗaya ba. Aka tashi 80 da 77. Jifa iri ɗaya sau biyu a dare ɗaya, kowacce a bakin ƙarewar lokaci, wannan ya wuce a ce sa'a ce kawai.

Suka doke Rasha 65 da 54 suka gama rukuni ba a ci su ba. A wasan kwata fainal Jamhuriyar Cek ta ba su ratar fiye da maki 10 bayan hutun rabin lokaci, ido ya raina fata, nan ma Selin ta ɗauki kayan a kanta ta yi ta ruwan jifa daga nesa har suka ƙwato wasan 71 da 68. Bayan kwana biyu suka sake haɗuwa da Rasha suka lallasa ta 81 da 64. Wasa bakwai, nasara bakwai. Mazan Faransa su Tony Parker, waɗanda aka fi sa wa rai, Sifaniya ta riga ta kore su tun a kwata fainal, sai ƙasa gaba ɗaya ta juyo ta zuba wa matan ido.

Amma gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ranar 11 ga Agusta 2012 suka tsaya gaban Amurka, wadda rabon da a doke ta a Olamfik tun 1992. Faransa ta ɗan riƙe wuta a farko, daga baya ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Candace Parker, tsohuwar abokiyar wasan Selin a Rasha, ita kaɗai ta zuba maki 21. Aka tashi 86 da 50, ratar maki 36. Duk da haka wannan azurfa ba ta yi ɗaci sosai ba, domin ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙwallon kwandon matan Faransa, kuma kowa ya san wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Daga baya hukumar wasan ta nahiyar Turai ta zaɓi Selin gwarzuwar 'yar wasa ta 2012.

AZURFA MAI ƊACI

Da ƙagaggen labari ne da a nan za a rufe littafi, ko kuma a ƙara babi ɗaya a ba ta zinare a gaban jama'arta. Damar kuwa ta zo, domin Faransa ce ta karɓi baƙuncin gasar Turai ta 2013. Suka yi ta cin wasa har zuwa na ƙarshe, ranar 30 ga Yuni a garin Orchies da ke arewacin ƙasar, zaure cike maƙil da masoyansu. Sifaniya ta doke su 70 da 69. Maki ɗaya tak! Wanda aka ba ratar 36 yakan yi barci, amma wanda ya faɗi da maki ɗaya kowace ƙwallo da ta kuɓuce masa sai ta dawo masa cikin dare. Da wannan wasa Pierre Vincent ya bar tawagar, Lawson-Wade da Ndongue ma suka yi sallama, Valérie Garnier ta karɓi aikin koci, Selin ta zama babbar yaya a cikin yara.

A 2014 ta leƙa Amurka ta yi kaka ɗaya da kulob ɗin Atlanta Dream, ta dawo. A 2015 suka sake kai wasan ƙarshe na Turai a Budapest, Sabiya ta doke su 76 da 68, kuma kocin Sabiyan, Marina Maljković, a Faransa take aiki a lokacin, tana horar da kulob ɗin Lyon, ka ga ta san su ciki da bai. Azurfa ta uku ke nan.

Saura buri ɗaya, Olamfik ta Rio a 2016. Shekararta 34, ta san ita ce ta ƙarshe. Ta yi shiri, ta hau jirgi, ta sauka Brazil tare da tawaga a matsayin kyaftin. Ana saura 'yan kwanaki a fara, a wurin atisaye, ba ma a wasa ba, ta gurɗe a idon sawu. Likitoci suka duba suka ce ba za ta iya ba, aka cire sunanta aka kira Amel Bouderra ta maye gurbin. Allah sarki! Ka auna da kanka mai karatu, shekara huɗu kana tanadin tafiya, ka iso har bakin ƙofa, a ce ka tsaya daga waje. Yarinya 'yar shekara 22, Olivia Époupa, ta karɓi jagoranci, suka yi ƙoƙari har wasan kusa da na ƙarshe inda Amurka ta tare su, Sabiya kuma ta hana su tagulla da ci 70 da 63. Ka ga duk sunan da Selin ta yi a Olamfik, sau ɗaya ta taɓa buga ta a rayuwarta, wasa takwas ke nan.

Wata da a nan za ta yi zuciya ta ajiye rigar. Ita kuwa ta yi jinya ta dawo a 2017 don gasar Turai a Jamhuriyar Cek. A shekarar ce ta wuce Paoline Ekambi mai wasa 254, ta wuce Hervé Dubuisson mai 259, wanda ya fi kowa a ɓangaren maza. Suka sake kai wasan ƙarshe a birnin Prag ranar 25 ga Yuni, suka sake cin karo da Sifaniya, aka doke su 71 da 55. Wasanta na 262 ke nan, kuma na ƙarshe. Da azurfa ta huɗu a wuya ta yi wa rigar ƙasa bankwana.

KOMAWA KUSA DA GIDA

Tun kafin tafiya Rio ta riga ta yanke wata shawara da ta ba mutane mamaki. Ta bar Bourges, inda ta ci gasar ƙasa sau shida, a 2006 da 2008 da 2009 da 2012 da 2013 da 2015, ta koma Basket Landes a garin Mont-de-Marsan, tafiyar kimanin kilomita 100 daga mahaifarta. Kulob ne da ya samo asali daga wani ɗan ƙauye mai suna Eyres-Moncube, bai taɓa cin gasar ƙasa ba tunda aka kafa shi. Mai kallo daga nesa zai ce tsohuwa ta je neman inuwar hutawa ne kafin ta ajiye. Shekara bakwai ta yi a can.

A 2021, shekarar da annobar korona ta dagula tsarin wasanni, Basket Landes ta doke Lattes-Montpellier a wasan ƙarshe ta zama zakarar Faransa karo na farko a tarihinta, Selin na da shekara 38, wasu abokan wasanta ta kusa haifarsu. Kambunta na bakwai ke nan a gasar ƙasa. A 2022 suka ɗauki kofin ƙalubale na Faransa a hannun tsohon gidanta Bourges, suka sake ɗauka a 2023. A wannan shekarar, tana da shekara 40, ta rataye takalmanta. Ni a ganina wannan zango na ƙarshe ya fi Landan nuna ko wace ce ita. A Landan mako biyu ne hannunta ya yi zafi duniya ta gani. A Mont-de-Marsan kuwa shekara biyar ta yi tana dafa dutse, babu kyamarorin duniya, kafin ta sha romonsa.

RANA ƊAYA, BAYAN SHEKARA 12

Tun tana kan wasa hukumar ƙasar ta naɗa ta babbar manajar tawagar mata, kuma tana kan wannan kujera aka yi Olamfik ta Paris a 2024. Waɗanda suka bi wasannin 'yan matan Nijeriya a gasar za su tuna Faransa ce ta doke su 75 da 54 a rukuni, kafin su farfaɗo su ci Kanada su zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a ƙwallon kwandon Olamfik. Faransa ta wuce har wasan ƙarshe, ta sake tsayawa gaban Amurka, ranar 11 ga Agusta, daidai ranar da aka yi na Landan shekara 12 baya.

Wannan karon ba a ga rata ba, kafaɗa da kafaɗa aka tafi har ƙarshe. Saura 'yan daƙiƙoƙi Amurka na gaba 67 da 64, Gabby Williams ta Faransa ta ɗauko ƙwallo a guje ta wurga daidai ƙarewar lokaci, ta daki allo ta faɗa kwando. Da a bayan layin nan take da an tafi ƙarin lokaci, kamar yadda Selin ta yi wa Birtaniya. Sai dai ƙafarta ta taka layin, aka ba ta maki 2, aka tashi 67 da 66. Azurfa kuma, maki ɗaya kuma, Selin na gefe cikin kayan gida tana kallo.

To mu koma kan tambayarmu. In da zinare kaɗai ake auna mutum, Selin ta faɗi fiye da yadda ta ci. Amma duba inda ta samu tawagar da inda ta bar ta. Ta shigo lokacin da Faransa ba ta ma samun zuwa Olamfik, sau biyu a jere ana yi babu ita. Daga 2012 zuwa 2024 kuwa, Olamfik huɗu, babu wadda Faransa ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba: azurfa a Landan, ta huɗu a Rio, tagulla a Tokyo a 2021, azurfa a Paris. Ratar da ke tsakaninsu da Amurka a wasan ƙarshe ta sauko daga maki 36 zuwa 1. Ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, akwai koci-koci da makarantu da kulob-kulob da sauran 'yan wasa. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka buga a Paris 'yan mata ne ƙanana a 2012, sun taso a ƙasar da ta riga ta ga gajeruwar mace ta tsaya bayan layi ta jefa ba tare da hannunta ya yi rawa ba.

Kafin a doke ka a wasan ƙarshe sai ka kai wasan ƙarshen tukuna, kuma duk faɗuwar da Selin ta yi, gasa ta gaba a can za ka sake samunta, in ban da Rio da ƙafa ta hana. Mafi yawanmu a rayuwa ba za mu zo na ɗaya ba, a makaranta ne ko a kasuwa ko a wurin aiki, kullum akwai wani a gaba. Abin da ya rage mana shi ne abin da za mu yi washegarin ranar da aka rataya wa wani abin da muka yi shekaru muna nema. Ita dai nata ta nuna, ta koma atisaye, har ta kai shekara 40.